Matashin Malam

A zauren gidanmu na Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, maigidana yake ƙira. Maƙerin fari ne, ba ruwansa da garma ko lauje. Azurfa da tagulla yake taɓawa, ya yi 'yan kunne da zobba da awarwaro, da irin manyan faya-fayan nan masu tudu a tsakiya waɗanda matan Fulani ke ratayawa a ƙirji. A lokacin muna cikin jihar Sakkwato, garin bai cika da ƙarar injuna ba, in ya fara bugu da hantsi har bakin hanya ana jin sa. Malam nake ce masa, haka ma maƙwabta.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da shegen tambaya. Tun ina amarya, in na kai masa fura ba na ajiyewa in juya kamar matan kirki, sai in laɓe bayan asabarin ƙofar da ke shiga cikin gida ina kallon hannunsa. Uwar maƙera na gane ta, ƙarfe ce ana bugu a kanta. Guduma da awartaki da zuga-zugi duk aikinsu a fili yake. Abin da ya ɗaure min kai shi ne wata jakar fata kewayayya, faɗinta kamar faifai, ta yi baƙi ƙirin don tsufa da gumin hannu, tana zaune a tsakiyar ƙarafa kamar ta yi ɓatan kai. Ran da na ce bari in matsar da ita in yi shara, sai da na sa hannu biyu. Rairayi ne cike a ciki.

Na ce, "Malam, wanga abu mi na na amfaninai?"

Ya ce, "Matashina na."

"Matashi? Kai ka ɗora kai bisa wanga?"

"Ba ni ba. Azurhwa."

Ya ga ban gamsu ba, ya kuma san ba zan bar shi ya sha furarsa ba, sai ya ɗauko wata 'yar azurfa da ya riga ya buge ta yi fale-fale. Ya ɗora ta a uwar maƙera ya buga, ta ƙara faɗi kawai. Ya ce ƙarfe a kan ƙarfe iyakar abin da zai yi ke nan, ya baje. Ya gasa ta a wuta har ta yi ja-ja, ya tsoma a ruwa, sannan ya danna matashin da gwiwar hannu ya yi masa ɗan gurbi, ya ɗora ta a kai. Ya ɗauki guduma mai mulmulallen kai ya fara bugu daga gefe yana juya ta da yatsu. Ina kallo abin da yake shimfiɗe ya fara lotsawa, ya zurfafa, har ya koma kamar ɗan ƙoƙo. Da ya kifa shi a tafin hannunsa sai ga tudu sumul, babu ko ƙwarzane. Ya ce rairayi yana ba da wuri daidai inda aka buga, sauran kuma ya cije ya tokare. Wannan rairayin babansa ne ya ɗebo shi a bakin gulbi a Argungu tun yana saurayi, ya yi ta shan bugu har ya yi laushin gari. Daga ranar, ko daga madafa nake ina rarrabe ƙarar: uwar maƙera tana ƙal-ƙal, matashi yana tim-tim.

Haka muke har shekarar da babana ya rasu, Inna ta rage ita kaɗai a gidanmu na Gulma. Wana yana can kudu da iyalinsa, sai shekara ta zagayo ake ganin sa. Ruwan farko na daminar ya kayar da bangon ɗakinta, ga gwiwa tana damun ta. Na yi roƙo, na yi kuka, na tura dattawa, da kyar ta yarda ta zo wurina. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da na roƙe ta ba ƙarami ba ne. Mace ta tare a gidan surukinta, ta ci tuwonsa safe da yamma, wannan a wurin Inna ya fi ciwon gwiwar zafi. Ta ce ta zo ne kafin ruwa ya ɗauke. Ni kuwa a raina na ƙudura ba za ta koma ba, don na san in ta koma wancan kangon, wata rana saƙo kawai za a kawo min.

Tsakaninta da Malam akwai kunya irin ta da, wadda yaran yanzu za su ɗauka wasa ne. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci in yana kusa. Ga shi ƙofar gidan ɗaya ce, sai ta zaure. In za ta fita sai ta yi gyaran murya daga nesa, shi kuma ya ajiye guduma ya juya yana kallon bango, ita ta cire takalmi ta ja mayafi ta wuce da sauri kamar ba mai ciwon gwiwa ba. Gaisuwa ma ta bakina take bi. Yana tsaye a tsakar gida, tana cikin ɗaki, kowa na jin kowa, amma sai ya ce, "Ki gaida Inna," ita kuma ta ce, "Ki ce ina amsawa." Na zama kamar igiyar shanya tsakanin bango biyu. Aiki kuwa duk wanda ta ɗauka sai in ƙwace, ina cewa ta huta. Hutun nan shi ya fi cin ta. Kullum maganarta ɗaya ce, ita ba ta saba ci ba ta yi komai ba.

Wata ranar sai ɗinkin matashin ya ɓalle a gefe, rairayi ya fara tsiyaya. Malam ya shigo da shi cikin gida ya jingina a bakin ɗakina, ya ce a bar shi nan kada kaji su tone, in ya dawo daga kasuwar Jega zai kai wa baduku. Inna ta fito alwala ta gan shi.

"Ke, mi na na wanga?"

Na ce, "Matashin Malam na, Inna. Ya hwashe."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya na faɗa. Na ɗauki mayafina na tafi suna Gwadangaji.

Ban dawo ba sai bayan la'asar, ruwa ya tsare mu a can. Ina shiga na tarar da Inna zaune a kan tabarma, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun babana na da rai. A gabanta ga wani abu ya kumbura ya yi tim, yana ƙyalli da man kaɗanya. Sai da na matsa kusa na gane fatar.

Ta ce, "Ke dai ba ki da tausai. Bawan Allah shina wuni bisa aiki, sannan shi ɗora kainai bisa ƙasa awa wanda ba shi da mata? Wa at taɓa cika matashi da rairai?"

Ashe ta farke shi, ta zazzage rairayin, ta wanke fatar ta shafe ta da mai, ta cika ta da audugar rimi, ta ɗinke baki da ƙananan ɗinki a jere kamar haƙoran masara. Na tambaye ta ina rairayin. Ta nuna min wurin wanke-wanke, ta ce nan ta zuba don taɓo ya yi yawa. Na duba. Ruwan da ya tsare mu a Gwadangaji ya riga ya bi da shi ta rariya zuwa lungu. Na ce to ina ta samu auduga? Ta kawar da kai. Na leƙa ɗakinta, sai ga rigar nata matashin a ninke, ba komai a ciki.

Da Malam ya dawo na ja shi zaure na miƙa masa. Ya danna da yatsa, yatsan ya nutse. Ya juya shi, ya shinshina, ya bi ɗinkin da farce. Ina jira ya yi faɗa, sai kafaɗunsa suka fara girgiza, yana dariya ba sauti, hawaye na bin gemunsa. Har yau ban san wanne ya fi yawa ba a ciki, dariyar ko kukan. Ya share fuska ya ce, "Ki ce ma Inna na gode, Allah shi saka da alheri." Sannan ya riƙe min hannu. "Kak ki kuskura ta sani. In ta sani, gobe tana Gulma."

Ga shi kuwa yana da aiki a hannu. Akwai wata Bayarabiya maƙwabciyarmu mai shagon atamfa da duwatsun wuya, Iya muke ce mata, ta daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yanta ba su san wani gari ba. Ita ke karɓar manyan faya-fayan nan tana kai wa Fulani, kuma ta ba shi aikin masu yawa.

Abin da ya biyo baya wahala ce ga Malam, amma ni, Allah Ya yafe min, makaranta ce. Duk tambayar da nake da ita a kan abin da ake ɗora azurfa a kai, a wannan daminar na samu amsarta. Da farko ya gwada matashin audugar, don ni na matsa masa, na ce ai laushi ake nema, ga laushi. Ya buga sau ɗaya, gudumar ta dawo sama kamar za ta sami goshinsa, azurfar ta yi tsalle ta faɗa cikin toka. Ya danne ta ya sake bugawa, ta tattare ta yi kunne-kunne a gefe. Ya ce, "Kin gani? Abduga ba ta da ra'ayi. Ko'ina anka taɓa sai ta bi." Ashe ba laushi kaɗai ake so ba, sai laushin da zai ba da wuri kuma ya tsaya.

Ya jawo kututturen maɗacin da yake yin ƙananan abubuwa a kai, mai gurabu-gurabu da aka fafe a samansa. Wannan yana aiki, amma gurbi iyakar siffarsa yake bayarwa, in ƙarami ne ƙarami za ka samu. Ya fafe babba da gizago, ya goge, ya shimfiɗa tsumma, duk da haka sai zanen itacen ya fito a bayan azurfar, kuma zurfin ba ya canzuwa sai an sake fafewa. Ya koma ga dalma. Yana da wata guntuwa da ya narka ya zuba a kasko, ta daskare ta yi faɗi. Dalma tana karɓar bugu da kyau, har na yi murna na ce an samu. Ya girgiza kai, ya ɗauki wata 'yar azurfa ta gwaji da ya buga a kai, bai goge ta ba ya sa a wuta. Da ya fito da ita sai ga ƙananan ramuka kamar gara ta ci. Ko ƙurar dalma ce ta manne, in ta ji wuta sai ta cinye azurfa. Ya ce za a iya, amma sai an goge kowane faifai tas kafin kowace gasawa, kuma mantuwa ɗaya ta isa ta ɓata aikin yini.

Duk wannan a ɓoye muke yin sa. Kuma kullum bayan azahar sai Malam ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗora kai a kan matashin audugar ya rufe ido, shi da bai taɓa barcin rana ba. Warin man kaɗanya ya kama masa hula. Inna in ta zo wucewa ta saci kallo, ta shigo tana ce min, "Kin ga yadda barci ka ɗaukar shi yanzu?" Ni kuma in ce na gani.

Da abin ya ƙi, sai ya ce za shi Argungu ya ɗebo rairayi inda babansa ya ɗebo. Na ce ƙafata ƙafarsa, na fake da gaida danginsa. Muka sauka gidan baffansa, tsohon maƙeri da ido ya fara yi wa nauyi amma bakinsa garau. Da ya ji labarin ya yi dariya har da tari, ya ce surukar da ta ba ka matashin kanta ai ba a kai ƙarar ta. A wurinsa na ga abin da ban taɓa gani ba, wani baƙin abu a cikin akushi, da tauri kamar ƙanzo. Ƙaro ne da kakin zuma da garin jar ƙasa, aka dafa su tare da ɗan mai. Ya kara shi kusa da garwashi ya yi taushi, ya manna tagulla a kai, da ya huce sai ya riƙe ta gam. A kan wannan yake fitar da zane, ƙananan tudu da layuka, da ɗan ƙarfe kamar ƙusa. Na danna da farce, na shinshina, na tambaye shi me ya sa jar ƙasa, me ya sa ba toka ba, har ya ce wa Malam, "Wagga matar taka, alƙali ta ko maƙeriya?" Amma ya ce don manyan faya-faya ba zai yi ba, kowane ɗaya sai an ɗumama, an manna, an ɓamɓare, an wanke. Rairayi dai shi ne maganar.

Muka gangara bakin gulbi. Ruwa ya cika ya batse, ya shanye gaɓa har cikin shinkafa, wurin da baffan ya kwatanta mana sai masu jirgi ke wucewa ta kansa. Malam ya daɗe tsaye yana kallo. A ƙarshe wurin masu gini ya samu yashi, baduku ya ɗinka masa sabuwar jaka ta jar fata, muka dawo da ita cikin buhun albasa don kada Inna ta gani. Ya tankaɗe yashin, amma da damshinsa, ga kaifi. Yau ya dunƙule ya yi tauri, gobe wani ɗan tsakuwa ya ɓullo ta ƙarƙashin fata ya yi wa azurfa ƙurji. Aikin yana tafiya, amma da ɗingishi.

Ran da asiri ya tonu ina tankaɗen gari, Inna tana gefe tana tsince wake, don shi kaɗai na bar mata. Iya ta zo bin aikinta. Ta tsaya a zaure, na ji muryarta da ta Malam, can sai ga ta ta shigo tana dariya tana tafa hannu. Ashe ta matsa masa da tambayar abin da ya jinkirta shi, ta ga matashin audugar ta danna, shi kuma bai iya ƙarya ba. Ta durƙusa ta gaida Inna yadda ta saba, sannan ta ce, "Mama, ashe ke ce kika mayar da kayan aikin Malam filo? Wallahi kin ba ni dariya! Yashin babansa fa, wanda yake buga azurfa a kai!"

Na yi mata ido, na yi tari, na kifar da rariya. Ina! Ta riga ta gama. Ita a ganinta labarin ban dariya ne da kowa a gidan ya sani, kuma da ta ga fuskata sai ta kama baki ta fara ba da haƙuri. A ranar da ina da iko da na kore ta daga unguwar. Daga baya na huce, don ba da mugunta ta yi ba.

Da Iya ta fita, Inna ta juyo gare ni. Ta ture tiren wake gefe.

"Zamna nan. Mi rairan ka yi mai?"

Na fara kame-kame. Ta ce ba wannan ta tambaye ni ba. Sai na yi mata bayani yadda aka yi min, da uwar maƙera, da gurbi, da abin da ya sa auduga ta ƙi. Ta saurara da kyau. Ta tambayi batun itace, na faɗa mata. Ta tambayi me ya hana a sa gero ko ƙaiƙayi, na ce gero zai farfashe, ƙaiƙayi kuma ɗan'uwan auduga ne. Ina ba ta amsa ina mamaki, yau ga inda na gado tambaya. Da na faɗa mata abin da ya kai mu Argungu, ta ce in ɗebo mata yashin da muka kawo. Na kwance bakin jakar na kawo mata a tafin hannu. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai kusa da kunne ta sake murzawa, ta kakkaɓe hannunta.

"Shi kau barcin da shika yi bisa nawa?"

Na sunkuyar da kai. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari da hantsi ta fito da ƙunshin kayanta a ka. Na riƙe ƙunshin, na ce ruwa bai ɗauke ba, ɗakinta ba bango, wa zai ɗebo mata ruwa? Ta ce in sake ta. Ta yi gyaran murya a bakin zaure. Malam ya miƙe ya juya ga bango kamar kullum, amma wannan karon ya yi magana, da bangon yake yi.

"A ce ma Inna, don Allah ta yi haƙuri ta zamna. Rairai na, ƙasa ta. Ba a rasa ƙasa ba."

Inna ta tsaya, takalmanta a hannu, ita ma ta fuskanci ɗaya bangon.

"A ce mai na ji. A ce mai ni ban iya cin tuwon gidan da nib ɓata ma sana'a."

Ta wuce. Na bi ta har tasha ina magiya, ta shiga mota ba ta waiwayo ba.

Na dawo gida da wuta a cikina. Na ji haushin Iya, na ji haushin Malam da ya tsaya yana roƙon bango, na ji haushin wanda ya fara kiran jakar rairayi matashi alhali duniya cike take da sunaye. Kunyar nan da ake yabon mu da ita, a ranar na tsine mata. Mutum biyu masu ƙaunar juna, da ɗaya ya iya tambayar ɗaya kalma guda da duk wannan bai faru ba. Na yi kwanaki ba na leƙa zaure, in na kai fura in dangwarar in juya. Na aika Gulma, aka ce tana ɗakin wata maƙwabciya, lafiyarta ƙalau, ta ce a gaishe mu. Na sake aikawa, amsar ita ce dai. Malam ya gama aikin Iya da kyar, ya daina barcin rana, ya rataye matashin audugar a ƙusa. Ni kuma na fara saba wa raina cewa na rasa ta.

Ruwa ya ɗauke, aka fara yankan shinkafa. Wata safiya ina shanya sai na ji bugu ya tsaya cak a zaure, na ji gyaran muryar da na sani. Na saki zanen ya faɗi ƙasa. Inna ce tsaye a ƙofa, ta rame, ƙafafunta fari fat da ƙura, da ƙullin buhu a kanta, wuyanta har rawa yake don nauyi. Daga tasha ta ɗauko shi, ta hana kowa taɓawa. Na taimaka mata muka sauke a tsakar gida, ta kwance bakin. Na tura hannu ciki. Rairayi ne, amma ban taɓa taɓa irinsa ba, yana zuba ta tsakanin yatsu kamar ruwa, ba ya manne wa fata.

Ta ce a wani tudu ta ɗebo shi bayan gari, inda iska ke tara shi, inda matan Gulma ke ɗiban na suyar gyaɗa. Ta jira ruwa ya janye, ta wanke shi har ruwan ya fita fari, ta tankaɗe da rariyar gari, sannan ta soya shi a kasko kaɗan-kaɗan yadda ake yi kafin a zuba gyaɗa, don kada damshi ya rage ko na ƙwaya ɗaya.

"Ɗauko min tsohuwar hwatar. Ba sabuwar ba."

Ta farke ɗinkinta da hannunta, ta ciro audugar ta tura min, ta ɗura rairayin tana girgizawa tana dannawa da dunƙulen hannu. Ta ce in tambaye shi, a cika tim ko a bar wuri? Malam daga zaure ya ce a bar kamar yatsa biyu. Ta ɗinke. Na kai masa, na dawo zan ja ta ɗaki ta huta, sai na ga ta ja kujerar tsugunno ta zauna a bayan asabari, daidai inda nake laɓewa.

Malam ya gasa faifan azurfa, ya tsoma a ruwa, ya danna gurbi da gwiwar hannu. Ya san wa ke kallo. Ya fara daga gefe yana juyawa. Tim, tim, tim. Azurfar ta lotsa, ta zurfafa, ta tafi sumul ba tangarɗa. Ya kifa ta a tafinsa ya daɗe yana shafawa da babban yatsa. Sannan ya sunkuyar da kai, ya miƙo ta ta gefen asabarin da hannu biyu. Na kai hannu zan karɓa kamar yadda aka saba, Inna ta buge min hannu ta karɓa da kanta. Ta juya ta, ta leƙa cikin, ta shafa bayan.

"To don mi kaka hwarawa daga gehe, ba ka bugun tsakiya?"

Shi ta tambaya, ba ni ba. Malam ya ɗago kai kamar bai ji daidai ba, sannan ya ce, "Inna, in anka hwara da tsakiya sai ta yi sirara ta huje."

Ta ce, "Ashe." Ta miƙa masa abinsa.

Ni duk wannan hankalina yana wani wuri. Na duba tsakar gida, na leƙa zaure, na fita har ƙofar gida na duba lungu. Buhun rairayi kaɗai ta zo da shi. Na dawo na durƙusa a gabanta.

"Inna, ina kayanki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, tana murza gwiwarta.

"Kai guda ag gare ni. A aika a ɗauko."